Inna, Na Samo Shaidar Mahonki

Zuwa ga mahaifiyata, Inna,

Assalamu alaikum wa rahmatullah. Bayan gaisuwa mai yawa tare da ladabin da ɗiya ke yi wa uwa, ina fatan kina cikin rahamar Ubangiji, Ya yalwata miki makwanci. Mu nan unguwar Lazaret lafiya lau muke. Gwiwa ce kawai ke yi mini tsiya, ita ma ba sabon abu ba ne, gadonta na yi daga wurinki.

Na san da kina kusa da tuni kin ce, "Dije, bar kewaye, tahi kan magana." To ga ta. Akwai shari'a tsakanina da ke wadda ba a yanke ba har kika koma ga Allah. Kin ce na shirya miki wasa ne don in faranta ranki, na ce wallahi gaskiya na nuna miki, kika ce in kawo shaida. A lokacin ba ni da ita. Yanzu ta zo da ƙafarta har gida, bayan na yi furfura na zubar da haƙora. Abin nema ya samu, matar falke ta haifi jaki.

Wadda ta kawo shaidar ita ce ke rubuta mini wannan wasiƙa, don idona ya daina ganin ƙananan baƙaƙe. Jikata ce, ɗiyar ɗana Sani, kuma sunanki aka sa mata. Ummi muke kiranta, tunda bakina bai taɓa kiran sunanki ba kuma ba zai fara da tsufa ba. Kin ga wahalar da kika bar mini: yarinya ta yi mini rashin kunya irin ta jika da kaka, in buɗe baki zan rama, sai in tuna sunan wa take ɗauke da shi, in haɗiye. Ta ce za ta sa wasiƙar inda mutane ke karantawa a salula. Ki yi haƙuri, zancen cikin gida zai fita waje.

Ki tuna ƙofar gidanmu a bayan ƙaramar kasuwa, shekarun da Baba ya rasu ya bar mu a Yamai, nesa da dangi na Maraɗi. Da hantsi za ki shimfiɗa tabarma a gindin katanga, ki ajiye tsohon gwangwanin shayi mai ɗauke da allurai da zare da ɗan almakashinki, ki kwance ƙunshin ƙyallaye. Ba tela ba ce ke, ba ki taɓa cewa ke tela ce ba. Maho kike yi. Leburori su kawo wando da ya ci gwiwa, masu kwalekwale na Tondibia su kawo riga da ta ɓarke a kafaɗa, matan unguwa su kawo zane da wuta ta lasa. Da allurar nan kika ciyar da mu.

A ƙofar nan kika koyi Zabarmanci, duk da dai har kika bar duniya in kika ce "fofo" wajen gaisuwa sai an gane bakin Maraɗi ne. A nan ake kawo miki labarin wadda ta haihu da wanda ya yi tafiya. A nan kike yi wa mutane faɗa in sun bar yaga ta yi girma kafin su kawo. Ina jin muryarki: "Maho ba rami yake kamawa ba, gehe yake kamawa. In gehen ya ruɓe, hidda shi tukuna." Na ji wannan magana har na ƙosa da ita, kamar yadda yaro ke ƙosawa da tuwon gidansu.

Sai ga mulkin kai ya zo. Ke kin gani da idonki, ba sai na ba ki labari ba, amma masu karantawa ba su gani ba. Komai sabo ake so. Sabuwar tuta, sabuwar waƙa a lakkwal, wato makarantar boko, sabbin ma'aikata baƙaƙen fata a kujerun da Nasara suka tashi. Atamfa ta cika gari. Mutum ya gwammace ya sa riga ɗaya sabuwa kullum da a gan shi da maho, don maho ya zama kamar tabon zamanin da ya wuce.

Maƙwabciyarmu Saratu, malamar asibitin nan Kirista 'yar Dogonduci, ita ta matsa miki ki bar ni in ƙare lakkwal in koyi bugun tafireta. Ita ce kuma ta ji ana neman 'yan mata a gidan waya ta tura ni. Da aka ɗauke ni aiki a buro, wato ofishin gidan wayar, mata suka cika gidanmu da barka. Cikinsu wata Hajiya, matar wani attajiri, ta dafa kafaɗarki ta ce, "To, kin zama uwar ma'aikaciya, sai a naɗe tabarma a huta." Da zuciya ɗaya ta faɗa, na tabbata. Ke kuwa kika ɗauke ta kamar hukuncin alƙali. Washegari hantsi ya yi, gindin katanga ba kowa. Gwangwanin ya koma ƙarƙashin gado.

Da farko na yi murna, ina ganin na sauke miki kaya. Ba a daɗe ba na ga abin da ke faruwa. Kina tashi ki share tsakar gida da aka riga aka share. Kina faɗa da kaji. Mai kwalekwale ya yi sallama da rigarsa a hannu, ki aiko a ce ba kya nan, alhali yana jin tarinki. Abinci ya daina shiga, zance ya ragu, zanenki ya fara yi miki yawa. Tsoro ya kama ni sosai, Inna. Na riga na rasa Baba, ga shi ina kallonki kina ƙarewa a zaune, kuma aikina ne sanadi.

Saratu ta zo ta duba idonki da harshenki, ta ja ni zaure ta ce ba ta ga cutar da asibiti zai yi wa magani ba. Ta ce mace da ta saba mutane su zo wurinta da buƙata, in aka ce ta zauna a ɗaki ana kawo mata, to an kashe ta da ranta. Ta ce in san yadda zan yi ki koma ƙofa.

Na roƙe ki, kika ce, "Mi za a ce? A ce ɗiyarta tana buro, ita tana bisa titi tana liƙa tsumma? Ba ni zubar miki da girma." Na ce ni ban ji kunya ba, kika ce ai shi ya sa ake da uwa, ta ji wa ɗiya kunyar da ba ta san ta ji ba. Na kawo miki zanena da ƙusa ta kama a bakin ƙofar buro, kika juya shi, na ga yatsanki yana auna yagar da kansa, sannan kika miƙa wa mai wanki kyauta kika ce in sa wani. Ranar na yi fushi da ke har na kasa cin tuwo.

Abin da ba ki sani ba shi ne irin aikin da nake yi a buron. Ba ki taɓa tambaya ba, kina ganin abin ya fi ƙarfin tambayarki. Wani inji ne mai kama da tafireta. In na buga harafi, sai ya huda wata siririyar takarda mai tsawo, faɗinta bai wuce yatsa ba sosai. Kowane harafi da irin jerin hujinsa. In saƙo ya ƙare sai a zura takardar a wani ɓangare na injin, ya bi hujin yana karantawa, ya tura ta waya zuwa Damagaram ko Tawa ko Agadas, can wani injin ya buga shi da baƙaƙe.

To, takarda ce, tana yagewa. Yatsa kuma yatsan mutum ne, yana kuskure. In saƙo mai tsawo ne da za a tura garuruwa da yawa, ba a zubar da shi saboda harafi ɗaya. Sai a yanko 'yar takarda mai danƙo a rufe hujin da ya ɓaci, a sake huda daidai da ɗan ƙarfen hannu. In wurin ya lalace da yawa a yanke shi, a haɗa sabon guntu. Shugaban ɗakinmu, wani dattijo mutumin Tawa, "piyes" yake kiran abin da Faransanci. Ni kuwa a nan na fi kowa rashin iyawa. Nawa ya karkace, ko ya yi kauri injin ya shaƙe. Dattijon ya ba ni tsofaffin takardun gwaji, waɗanda ba saƙon kowa a ciki, ya ce in je gida in koya wa hannuna.

Allah ne shaidata, ba don ke na kawo su ba. Wata Lahadi da la'asar na zauna a tsakar gida ina fama, ke kina bakin ɗaki kin juya mini rabin baya. Na yanka, na liƙa, ya ɓalle. Na sake, ya tattare. Ina jin numfashinki yana canzawa. Kin iya haƙuri da yunwa da rashi, amma ba ki taɓa iya haƙuri da mummunan aiki a gabanki ba. Can sai na ji an fizge takardar daga hannuna. Kika ce, "Ke, almakashin girki kike yanka wanga da shi? Kuma kin ɗora bisa gehen da ya tattare?" Kika shiga ɗaki, na ji ƙarar gwangwani a ƙarƙashin gado.

Kika ɗaga takardar sama kina leƙen rana ta cikin hujin. Kika ce wannan ai gara ce ta yi karatun boko. Daga nan tambayoyi suka ɓalle, kamar an buɗe wa awaki ƙofa. Yaya rami ke magana? Ramin ne ke tafiya Damagaram ko takardar? In aka rufe ɗaya, na can ya san an rufe? In iska ta kaɗa wayar, maganar ba ta zubewa? Wasu na amsa, wasu har yau ban san amsarsu ba. Kina tambaya hannunki yana aiki. Kika gyara gefen, kika yanko 'yar takarda daidai wa daida, kika danna da farce. In ba an shafa ba, ba a sanin an taɓa wurin.

Na ce miki, Inna, wannan fa cikin aikina yake, kullum sai mun yi shi. Kika tsaya kika dube ni, kika ce, "Wanga ne aikin da gwamnati ta ɗauke ki? Maho?" Na ce wani ɓangarensa ke nan. Kika yi dariya har da hawaye, dariyar da na daɗe ban ji ba. A raina na ce shi ke nan, gobe tabarma za ta fita.

Ba ta fita ba. Gwangwanin dai bai koma ƙarƙashin gado ba, wannan kam na gode wa Allah. Kin ci gaba da maho, abinci ya dawo, kaji suka huta. Amma a bayan zana kike yi, can ƙuryar gida, kuma sai wanda ya san hanya yake kawowa a ɓoye cikin ƙunshi. Da na tambaye ki dalili kika ce, "Dije, ke ɗiyar kirki ce. Kin ga uwarki tana lalacewa, kinka samo takarda kinka hudda, kinka ce aikin buro ne. Na gode. Amma Nasara bai ƙera inji ya haye teku da shi don a yi mishi maho ba." Na rantse, kika ce rantsuwa ba shaida ba ce. Na ce ki zo buron ki gani, gani ya kori ji, kika ce ƙafar da ta saba da ƙurar kasuwa ba ta taka dakalin gwamnati. Saratu ta sa baki, kika ce ai bakinmu ɗaya.

Haka muka zauna shekara da shekaru. Na yi aure, na haifi Sani, kika goya shi, duk kina bayan zana. Abin ya tsaya mini a rai, ba don kin ƙaryata ni ba. Abin da ya dame ni shi ne kin tafi kina ganin sana'ar da kika rufa mana asiri da ita abin ɓoyewa ce.

Yanzu ga yadda shaidar ta zo. Ummi ta yi karatu a jami'a can ƙetaren kogi, wajen Lamorde, inda a zamaninki sai da kwalekwale ake zuwa. Aikinta rubuta umarnin da ordinatar ke bi, wato injin nan mai ƙwaƙwalwa da ya gaji namu na gidan waya ya kuma fi shi baki. Rannan tana zaune tana magana da abokin aikinta a salula da Faransanci, sai na ji wata kalma tana ta dawowa wadda ba ta Faransanci ba ce. Kunnena ya ce ya san ta. Da ta gama na ce, wace ce wannan da kike ta kira kamar faci? Kin san faci, wanda yaran motar da Baba ke tuƙawa ke yi wa taya a hanyar Maraɗi.

Ta ce kalmar Ingilishi ce, "patch", kuma ita ɗin ce dai ta shigo mana ta bakin direbobin Najeriya ta zama faci. A wurinsu, in umarnin da aka rubuta wa inji ya samu matsala, ba a rushe shi duka. Ana rubuta ɗan guntun gyara a ɗora a wurin da ya ɓaci, wannan guntun shi ake kira haka. Na ce to mene ne haɗin rubutu da taya? Ta ce ita ma ba ta taɓa tambaya ba. Na ce yau za ki tambaya, ba ki tashi daga nan.

Ta bincika ta karanta mini. Asalin kalmar a Ingilishi ba taya ba ce. Ƙyallen da ake ɗorawa a kan yagaggen tufafi ne, tun zamanin da ba a san mota ba. Maho ke nan, Inna, naki sak. Sannan ta ce ordinatar na farko, a shekarun da nake budurwa, da takarda mai huji ake ba su umarni. In an yi kuskure sai a rufe hujin da 'yar takarda mai danƙo, ko a yanke wurin a haɗa sabon guntu. Har masu ƙera injin kan aika wa masu saye guntun takarda su liƙa da kansu. Masu wannan aiki suka duba abin da hannunsu ke yi, suka ga ba shi da wani suna da ya wuce na ƙyallen uwayensu. Takardar ta ɓace daga duniya, sunan ya zauna. Ta nuna mini hoton irin takardar a fuskar injinta, ta ƙara masa girma don in gani. Da na ga 'yan liƙe-liƙen nan a jikinta sai da na nemi wurin zama, alhali a zaune nake.

Ban bar ta ta huta ba. Na ce su Ingilishi daga ina suka samo ta? Ta ce masana ba su haɗa baki ba, amma wasu suna ganin daga tsohuwar kalmar Faransanci ce mai nufin guntu, 'yar'uwar "piyes" ɗin da dattijon Tawa ke faɗa. Kin ji tafiya. Ni dai tun ranar nake ta tunanin matan da suka fara riƙe kalmar nan a can ƙasar sanyi. Su ma a ƙofar gida suke zama? Su ma wata ta taɓa dafa musu kafaɗa ta ce a naɗe tabarma? Na sa ta nemo mini asalin maho namu na Hausa, ba ta samo abin da ya gamsar da ni ba. Wannan tambayar na ajiye ta, ke zan yi wa in mun haɗu.

Na ba ta labarinki duka, har da maganar rami da gefe. Ta ce haka abin yake a wurinsu, wanda ya gyara layin da ya ɓaci bai duba na kewaye da shi ba, gobe zai dawo. Ta ƙara da cewa wani lokacin gefen ma ruɓaɓɓe ne har ƙarshen zanen, sai dai addu'a. Ta ce yawancin kwanakinta ba sabon abu take ginawa ba, na wasu take gyarawa, kuma a wurin aikinsu wanda aka yarda ya taɓa tsohon aiki shi ne wanda aka fi amincewa da hannunsa. Barewa ba ta gudu ɗanta ya yi rarrafe.

Saura abu ɗaya in faɗa miki. Gidanmu na Lazaret, rezo ba ya kamawa a cikin ɗaki, wato igiyar iskar da injinta ke magana da ita. Sai a ƙofar gida yake kamawa sosai. Saboda haka kullum da hantsi takwararki takan shimfiɗa tabarma a gindin katanga, ta ɗora injin a cinya, mutanen kasuwa suna wucewa. Na daɗe ina ganinta a haka ban ga komai ba. Bayan wannan zance, wata maƙwabciya ta tsaya ta ce, "Ummi, mi ake yi ne tun ɗazu?" Yarinyar nan ko kai ba ta ɗaga ba, ta ce da ƙarfi, "Maho nake yi, Hajiya."

Ina zaure na ji. Na koma ɗaki na ɗauko gwangwaninki, wanda ya bi ni duk gidan da na zauna, na fito na ce ta matsa. Ita ta zura mini zare a allura. Ba mu daɗe ba wani ɗan garuwa ya ajiye kurarsa, ya dube mu, ya dubi kafaɗar rigarsa da ta ɓarke, ya ce, "Hajiya, ana maho a nan?" Na ce ana yi, miƙo. Ɗinkin bai kai naki ba, ya ɗan karkace, da kina nan da kin fizge. Amma na duba gefen kafin in ɗora, kuma a ƙofar gida na yi shi, kowa yana gani.

To Inna, ga shaidata na gabatar. Ban shirya miki wasa ba. Nasara ya ƙera inji ya haye teku da shi, kuma maho ake yi masa har gobe, da sunan sana'arki ake kiran gyaran. Da ma kin ji wannan da kunnenki, ko da rana ɗaya ce ki sake zama a gindin katangar nan ki yi wa mutane faɗa. Ina kewarki ƙwarai.

Allah Ya jiƙanki, Ya gafarta miki, Ya haskaka kabarinki. Yadda kika rufa wa bayinSa asiri da ƙyalle da zare, Ya rufa miki naki ranar da asirai ke tonuwa. Ya jiƙan Baba, Ya saka wa Saratu da alherin da ta yi mana. Ya yi wa takwararki albarka, Ya sa mu cika da imani. Amin.

Tabarma tana ƙofa, mun bar miki gefen inuwa.

Ɗiyarki,
Dije
Lazaret, Yamai